Mariƙin da Wessel Ya Kafa Mini

Bloemfontein, watan Disamba

Zuwa ga ƙanena Ockert,

Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Marlise da yara. Ina roƙon Ubangiji ya tsare ku a wannan ƙasa ta New Zealand da kuka zaɓa kuka bar mu, ya sa albarka a aikinka, ya sauƙaƙa wa Marlise ciwon bayan da ka ce yana damunta. Na ga hoton jikarka, kunnuwan Baba ne sak, Allah ya raya ta, amma kada ka ce ni na faɗa. Mu nan da sauƙi. Zafi ya sauko da ƙarfinsa, gwiwata tana nan da halinta, ita kuma Elsabé ta koma Windhoek bakin aikinta bayan ta gama tsare ni kamar ni ce 'yar ita ce uwar. Na gode da furannin da ka aiko da saƙon da fasto ya karanta a coci. Kada ka sa wa ranka damuwa don ba ka zo jana'izar mijina ba. Wessel da kansa zai ce wauta ce mutum ya ƙetare rabin duniya don ya zo ya sha shayi a zauren coci.

Na san Elsabé ta buga maka waya ta ce uwarta ta zautu, wai na ɗauki injin huda na ɓula bangon da aka gama gyarawa, a gaban mutane. Na kuma san shi ya sa ka aiko mini cewa in sayar da komai in zo in zauna a ɗakin bayan gidanku. Hudawa kam na huda, ba ta yi mini ƙarya ba. Amma ka bari in ba ka labarin daga tushe, a rubuce, domin a waya kuka nake yi, kai kuma tun kana yaro ba ka iya barin mutum ya kai ƙarshen zancensa ba.

Ba ka taɓa ganin Kunkuru ba. Sunan da Wessel ya sa wa sabon karabanmu ke nan, ɗakin nan mai taya da muke ja a bayan mota, wai don shi ma gidansa a bayansa yake tafe. Tsohon na Baba ya ruɓe har ƙafa tana nutsewa a daɓensa, shi ne bara Wessel ya rufe ido ya sayi sabo dal a wurin wani dila a bakin gari, da garantinsa da komai. An ce mana idan ruwa ya shiga ko wani abu ya lalace, kamfanin da ya ƙera shi ne zai gyara, mu dai mu kai wa dila. Da shi muka je teku Disambar bara, muka sauka a filin Baba da ke sansanin masu hutu, ƙarƙashin bishiyar nan da ka faɗo daga kanta ka karya hannu. Dokar sansanin tana nan yadda ka san ta: wanda ya zo bana, filinsa ne baɗi, wanda ya tsallake Disamba ɗaya, an ba na bayansa, kuma masu jiran layi sun fi yashin bakin tekun yawa. Tun zamanin Baba ba mu taɓa tsallakewa ba. A nan Wessel ya fara ganina, yana saurayi ma'aikacin jirgin ƙasa mai kwana a tanti, ranar da Baba ya kasa juya karaban da baya, shi kuma ya zo ya karɓi sitiyari ba tare da an roƙe shi ba. Ka tuna yadda Baba ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarsa.

To, a wannan zuwan na bara ne na zame daga matakalar Kunkuru. Ƙofarsa ta fi ta tsohon tsawo, gwiwa ta ƙi ɗaukata, sai ga ni a ƙasa da kwanon kifi a kaina, maƙwabta suna ta ɓoye dariya. Ni ma dariyar na yi, amma Wessel bai yi ba. Muna dawowa gida ya shiga rumfar kayan aikinsa ya zaro wani bututun tagulla na tsohon taragon jirgi, cikin tarkacen da na yi shekaru ina cewa ya zubar. Ya lanƙwasa shi, ya goge shi har yana ɗaukar ido, ya naɗe tsakiyarsa da fata don kada rana ta ƙona mini hannu. Sannan ya tsayar da ni a bakin ƙofar, ya ce in rufe ido in miƙa hannu kamar zan faɗi. Inda hannuna ya sauka, nan ya sa alama da fensir, nan ya huda, ya ɗaure da noti, ya toshe da gam, ya zama mini mariƙi. Ka san mazanmu na jirgin ƙasa, abin da hannunsu zai iya ba sa tambayar kowa izini. Ko a mafarki bai zo masa ba cewa bangon abin da ya saya da guminsa yana da mai shi a wani gari.

Da hutun Ista muka kai Kunkuru bakin dam, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe muka tashi katifar gefen Wessel sharkaf, ruwa yana ɗiga daga rufi, can gaba, daidai kan gado. Bai ko ɓata rai ba, ya ce ai amfanin garanti ke nan. Muka kai wa dila. Mai kula da garejinsu wani yaro ne Renier, sa'an Elsabé, mai ladabi, bakinsa kamar an shafa zuma, Oom kaza, Tannie kaza, wato Kawu da Inna. Ya ce aikin mako biyu ne. Suka ɓalle rufin gaba, suka fitar da gado da akwatunan bango, suka ɗauki hotuna suka aika wa kamfani. A cikin hotunan nan ne wani da ke zaune a ofis, wanda bai taɓa ganin fuskarmu ba, ya hango mariƙina. Sai amsa ta dawo cewa an huda bango, kuma duk wanda ya huda bango garantinsa na ruwa ya faɗi. Ockert, yoyon yana gaba a saman rufi, mariƙin yana baya a gindin ƙofa. Wessel ya tambayi Renier ko a makarantarsu an koya musu ruwa yana hawa tudu. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce shi ma ya gani, amma ba shi ne mai yanke hukunci ba, zai sake rubuta musu. Aka bar jaki ana dukan taiki.

A watan Yuni likita ya kira mu ɗakinsa ya rufe ƙofa. Tarin nan da Wessel yake cewa na ƙurar rumfa ne, ashe ciwon daji ne a huhu, kuma ya riga ya yi nisa. Wannan ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne tambayar da ya yi. Bai tambayi magani ba, bai tambayi aiki ba, cewa ya yi ko zai ga Disamba. Likitan ya ce mai yiwuwa ne, in an yi sa'a. A mota Wessel ya ce mini shi ba ya neman komai a duniyar nan sai ya zauna sau ɗaya a ƙarƙashin bishiyar Baba, ya gasa kifi, ya ji yaran maƙwabta suna ihu a ruwa, kuma ya tabbata filin bai fita daga hannuna ba. Daga ranar nan gyaran Kunkuru ya tashi daga maganar katako da gam.

Na roƙe shi mu bar musu garantinsu, mu ɗauko abinmu mu kai wa wani mai gyara. Amma me za mu ɗauko? Sun riga sun farke shi kamar kazar da aka fige, rufin da zai dace da shi kuma kamfanin nan ne kaɗai yake yi, ba sa sayar wa kowa sai dilansu. Idan muka fitar da shi daga harabar, an rufe maganarmu, mu koma ƙarshen layi. Na ce to mu tafi teku yanzu, mu kama ɗaki. Ya ce teku ba Disamba ai ruwa ne kawai, shi kuma bai taɓa kwana a gadon haya a bakin teku ba, ba zai fara da tsufansa ba. Taurin kan mutumin nan, Ockert, kai shaida ne. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi kwanaki ina ajiye masa abinci ba magana, duk a banza.

Sai ya mai da harabar dilan nan wurin zuwansa. Kowace Juma'a ya ɗauki kujerarsa mai naɗewa, da butar kofi, da busasshen burodin da nake toya masa, ya je ya zauna a inuwar Kunkuru yana kallon ledar da suka rufa masa a ka. Da tuƙi ya gagare shi, Ntate Mokoena ne yake kai shi, maƙwabcinmu na hagu, wanda suka yi aikin jirgi tare tun suna da gashi. Makanikan wurin suka saba da shi har suna kawo masa abin da ya ɗaure musu kai. Renier kuwa kullum da sabon zance. Yau kamfani na dubawa, gobe mai sa hannu ya tafi hutu, jibi an ce a sake ɗaukar hoto ta wani gefen. Dila ya ce kamfani, kamfani ya ce dila. Wata rana yaron ya ja Wessel gefe ya raɗa masa cewa da ya cire mariƙin ya toshe ramukan kafin ya kawo, da babu wanda zai lura, haka kowa yake yi. Ko yanzu ma, in ya yarda, sai a cire a ɗauki sabon hoto a ce kuskure aka yi. Ntate Mokoena ne ya ba ni labarin. Ya ce Wessel ya daɗe yana kallon yaron, sannan ya ce masa: "Ɗana, abin da matata take dafawa ba kayan sata ba ne da zan ɓoye shi." Da na ji, na rasa ko in rungume shi ko in kwaɗa masa ludayi, don wannan ƙarya ɗaya da ta kai mu teku.

A watan Oktoba ni na je da kaina. Ban yi sallama ba, na shiga ofishin Renier na zazzage masa abin da ke cikina a gaban masu sayen kaya. Na ce masa mijina yana mutuwa ne, ba hutu yake jira ba, kuma in shi bai iya faɗa wa kamfani haka ba ya ba ni lambar in faɗa musu da bakina. Ashe bai sani ba. Duk zaman nan da Wessel yake yi a harabarsu yana ramewa a gaban idonsu, bai taɓa gaya wa kowa ba, cewa yake yi ni ce na hana shi nama. Yaron ya yi fari fat, ya ce zai tuƙa mota da kansa ya je kamfanin. Ya kuwa je, ba zan ci haƙƙinsa ba. Suka ce za su sake zama a kai, amma rufin sai an ƙera, kuma akwai na gabanmu.

Daga nan Wessel bai ƙara fita ba. Mun sauko da gado falo don ya riƙa ganin titi. Kowace safiya, kafin ya karɓi magani, sai ya tambaye ni ko Renier ya kira, ni kuma in ce bai kira ba. Ya sa na shirya kayan tafiya kamar kullum, kujeru da fitila da ragar gasa kifi, aka jera su a bakin ƙofa inda zai gan su. Matar da ke kula da sansanin ta bugo tana tambaya ko muna nan tafe bana, don akwai masu matsa mata. Ya karɓi wayar da muryar da da ƙyar take fita ya ce mata tun yaushe ta fara yi wa gidanmu wannan tambayar. A makon ƙarshe ya daina tambayar Renier. Wata rana da hantsi ina shafa masa mai a ƙafa ya ce in an ƙone gawarsa kada in bar tokar a kan kabad kamar kwalbar yaji, in kai shi filin Baba. Sannan ya ce: "Ki riƙa kama mariƙin nan da kyau, Dalena, ba na nan da zan ɗaga ki." Ya cika ranar wata Talata a tsakiyar Nuwamba, rana tsaka, hannunsa a cikin nawa. Ockert, na yi zaton na shirya, ashe ba a shiryawa. Gidan nan ya yi mini girma, har yau kofi biyu nake zubawa.

Bayan jana'iza da 'yan kwanaki wayar Wessel ta yi ƙara a cikin aljihun rigarsa da ke rataye. Renier ne, murya cike da murna, yana neman Oom don ya yi masa albishir. Na faɗa masa. Daga baya ya ce kamfani ya amince, rufi ya iso, sun yi aiki har ranar hutu don su gama kafin gareji ya rufe na ƙarshen shekara. Ya ce da suka buɗe sosai sun tarar laifin daga wurin ƙira ne, ruwan kuma ya bi ta cikin bango ya ruɓar da gefen ƙofa gaba ɗaya, don haka shi ma sun sa sabo. Ihu bayan hari. Na ce masa na gode, don ban san abin da ake cewa ba.

Ntate Mokoena ya kai mu a motar Wessel, ni da Elsabé. Sun wanke Kunkuru, sun fito da shi gaban harabar yana ta ƙyalli. Na taka zuwa ƙofa, na ɗora ƙafa a matakala, na miƙa hannu yadda na saba ba tare da na duba ba, sai na damƙi iska. Da Ntate Mokoena bai tare ni ba da na sake faɗuwa. Bango sumul, fari tas, ko tabon rami babu, kamar Wessel bai taɓa rayuwa ba. Renier yana gefe yana bayani a hankali cewa an mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, garanti ya dawo sabo, muddin dai ba a sake hudawa ba. Ban yi kuka a coci ba, ka tambayi kowa, amma a nan na zauna a kan matakalar nan na yi shi mai isata, makanikai suna tsaye da hulunansu a hannu.

Da na samu numfashi na tambayi inda mariƙina yake. Aka shiga dube-dube. Can bayan gareji aka same shi, cikin tulin tarkacen da motar shara za ta kwashe, yana nan manne da ruɓaɓɓen bangon, fatar ta ɗan yi baƙi daidai inda tafina yake kamawa. Renier da kansa ya durƙusa ya kwance shi ya miƙo mini, yana zaton gida zan kai shi in ajiye. Na ce wa Ntate Mokoena ya buɗe bayan kujerar mota, akwatin kayan aikin Wessel yana nan inda yake barinsa. Da Elsabé ta ga injin huda a hannuna ta fara cewa Mama ki yi tunani, Mama abin da Baba ya yi wata da watanni yana jira ke nan. Renier ya matso ya ce, murya ƙasa ƙasa: "Tannie, in kika huda, garantin ya mutu." Na ce masa: "Mai garantin ma ya mutu, ɗana. Riƙe mini nan."

Na tsaya a bakin ƙofa na rufe ido, na miƙa hannu kamar zan faɗi. Ntate Mokoena ya ciro fensir daga bayan kunnensa ya sa alama. Injin ya fi ƙarfina, ramin farko ya ɗan kauce. Sai ga Renier ya shiga ciki ya dawo da gam irin nasu mai kyau, ya ƙwanƙwasa bangon ya nuna mini inda ƙarfen ciki yake don notin ya kama, ya riƙe mariƙin da hannu biyu har na gama. Wannan ita ce haukar da aka ba ka labari.

Don haka, Boetie ƙanena, na gode da ɗakin bayan gidanku, Allah ya saka da alheri, amma ba zan zo ba, kuma Kunkuru ba na sayarwa ba ne. Ranar Asabar za mu kama hanya. Ntate Mokoena ne zai ja, da matarsa Mme Seipati, wadda ta ce shekara da shekaru tana jin labarin bishiyar nan daga bakinmu ta kan katanga, bana sai ta gan ta da idonta. Za su kafa tanti a gefe. Ya yi alkawarin koya mini juyawa da baya a can, don baɗi in kai kaina, ka ga abin da ya gagari Baba ya dawo kan 'yarsa. Wessel, wato tokarsa, zai yi tafiyar a gefensa na gado, inda ruwan ya ɗiga. Likita ya ce mai yiwuwa ya ga Disamba, bai gan ta ba, amma filin bai fita daga hannunmu ba, kuma zai isa can yadda ya ce.

Ka gaishe mini da Marlise, ka ce ta daina ɗaukar kaya masu nauyi. Ka gaida yaranka, Tertius da matarsa, da Ronel, ka sumbaci jaririyar mai kunnuwan Baba. Ntate Mokoena da Mme Seipati suna gaishe ka, fasto ma ya tambaye ka. Ka kira Elsabé ka kwantar mata da hankali, ta fi jin maganar kawunta a kan tawa. Ka sa mu a addu'a ranar Asabar, hanyar da nisa. Idan Allah ya kawo ka gida wata Disamba, ka san inda za ka same ni. Za ka ga mariƙin ya ɗan karkace, don hannuna ba na Wessel ba ne, amma na gwada shi jiya da dukkan nauyina, ya ɗauke ni.

Ubangiji ya tsare, ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka, Ousus Dalena